Janareta a Ƙarƙashin Gadon Falalu

Karaye, 14 ga Afrilu, 1992

Zuwa ga ɗana Sabi'u,

Assalamu alaikum. Kada ka karanta takardar nan a tsaye ka cusa ta aljihu yadda ka saba. Ka zauna, don da hannunka a ciki. Bayan haka, ina fata kuna lafiya a Fatakwal, kai da Ramatu da yara. Allah ya tsare ku.

Janaretan da ka aiko wa ƙanenka Falalu ya iso. Ka san motar da yake yawon tallar magani da ita kasuwa-kasuwa, mai gado a baya. To, Halliru mai walda ya ɗaure masa injin cikin akwatin kayan da ke ƙarƙashin gadon. Da masallata a kasuwar Rogo suka koka da ƙara, sai Falalu ya toshe kafofin akwatin da soso da buhunan gyaɗa. Na ce masa hayaƙin cikin mota zai koma, tun muna aji uku aka koya mana wannan. Ya yi dariya, wai Inna ta tashi da bokonta.

Ran kasuwar da ta wuce ya tafi da 'yarsa Laure. Da rana ta take, ya kwantar da ita a gadon, ya kunna mata fanka, ya rufe ƙofa, shi yana waje da lasifika. Wata mai fura ce ta leƙa ta ga yarinya ta yi amai, ko kai ba ta iya ɗagawa. Da aka kawo ta gida, Goggo Tani ta ce iskokin kasuwa ne, ta rufe ɗaki tana yi mata turare. Hayaƙi a kan hayaƙi, Sabi'u. Sai da na fizge ta na fito da ita tsakar gida. Ta warware, alhamdu lillahi. Uban kuwa ya rataya laya a madubi, sosonsa na nan inda yake.

Na yi faɗa, na yi kuka, mahaifinku ya ce in bar mutum da sana'arsa. Kai da ka aiko da inji ba ka tambayi inda za a sa shi ba, ka rubuto masa, ko zai ji taka.

Ka gaishe mini da Ramatu da Barira ƙarama. Ƙanwarka Zinariya tana gaishe ku.

Falalu dai ya fi ƙarfina, gobe ma a kan akwatin nan zai yi barcin rana. Amma na kafa doka a gidan nan: daga yau ba jikana da zai sake taka motar nan, ko tana kashe.

Mahaifiyarka,
Maiturare