Ni Na Ce Ya Jefar da Ƙugiyar Ya Gudu

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karantawa. Don Allah a ɓoye sunana, domin a ƙauyenmu ko tari ka yi an san naka ne. Ni mutumin ƙasar Kebbe ne, manomi, furfura ta riga ta kama ni. Bokona a firamare ya tsaya, wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri. Abu ɗaya nake roƙo, ku kai ƙarshe kafin ku zage ni. In kun gama kun ga zagin ya dace, ku yi, ba zai kai wanda nake yi wa kaina ba.

Ina da ɗa, kuma ɗan fari ne. Kun san yadda muke da ɗan fari. Tun da aka yaye shi mahaifiyata, Inna, ta ɗauke shi, a ɗakinta ya tashi har Allah ya yi mata rasuwa. Ban taɓa kiran sunansa ba. In zan ambace shi sai in ce wancan, uwarsa kuma ta ce ɗan Inna. In ina da saƙo gare shi, ƙanena Nomau nake faɗa wa, shi ma in yana da magana ta wurin Nomau take biyowa. Lokacin da yake kokawa, ranar da ya kayar da wani ƙato a Dogon Daji ina wurin, a can bayan mutane. Aka ɗaga shi sama ana guɗa, ni kuwa na juya ina taya wani mai rake ciniki kamar ban gani ba, alhali ƙirjina kamar zai fashe. Aurensa ma Nomau ya tsaya a kai. Kada wani ya ce ba na son sa. Haka muka taras, haka ubana ya yi mini.

Da noma ya daina riƙe gida, sai ya bi motar albasa ta wani Alhaji na Tambuwal zuwa wata ƙasa can bakin teku. Ba zan faɗi sunanta ba, 'yan albasa sun san ta. Aikinsa sauke buhu a kasuwa, da irin ƙugiyar ƙarfen nan da ake saƙala buhu a ja. Ranar tafiya ya same ni a gindin bedi, wato darbejiya, ya durƙusa daga nesa ya ce za su tafi. Na ce Allah shi kiyaye, idona a ƙasa. Ya bar mata da jaririya.

Ni ma na yi cin rani a waje da ƙuruciyata, gadi na yi a wani wurin sayar da katako. Wani ɗan ƙasa ya mare ni a kan abin da bai kai ya kawo ba, na ture shi, aka kulle ni, babu wanda ya tambaye ni wa ya fara. Da maigidana ya fito da ni, abin da ya ce mini shi ne in sani ni baƙo ne, in an doke ni in sunkuyar da kai, in abu ya ɓaci in nemi hanyar gida. Dattawanmu na can ma haka suke faɗa wa duk sabon zuwa. Da wannan karatun na dawo, na riƙe shi kamar addini. Ban taɓa jin wani ya musa ba.

To ran nan da hantsi ina fadama ina ban ruwa, waya ta yi ƙara, lambar waje. Nomau ya tafi ta'aziyya Jabo, wayarsa ba caji, shi ya sa yaron ya kira ni. Bai taɓa kirana ba. Bayansa hayaniya. Ya ce wani ɗan tasha da suka yi cacar baki a kan wurin tsayar da mota ya dawo da adda, ya kai masa sara ya tare da hannu, ya sake ɗagawa, shi kuma ya kai masa ƙugiya a wuya, ga shi nan kwance. Sai ya ce, “Baba, mi za ni yi?”

Tambayar farko ke nan da ya taɓa yi mini a duniya.

Na ce ya jefa ƙugiyar a kwata, ya ɗaure hannunsa, ya shiga duk motar da ta sauke kaya za ta juyo gida, kada ya tsaya wa ɗan sanda, shi baƙo ne, babu mai jin tasa. Ya ce, “Baba, shina numfashi. Na danne mishi wurin da rigata. Mutane sun ga shi yaf fara, an tahi kiran mota.” Wallahi na ji shi sarai. Amma marin nan na shekaru aru-aru ne ya dawo mini a kunci, na ga an ja ɗana a ƙasa kamar yadda aka ja ni. Sai na buɗe baki na ce, “In ni na haife ka, tashi ka gudu.”

Ya ce to. Ya kashe waya.

Jama'a, ban taɓa ce masa ni na haife shi ba sai ranar. Maganar da ya shekara da shekaru bai ji daga bakina ba, da ita na ɗaure shi. Yaya zai yi ya ƙi? Wane ɗa ne zai ƙi?

A kan iyaka aka kama shi, a kwance cikin bayan mota ƙarƙashin tamfol. Mutumin kuwa ya cika a asibiti, an ce jini ya zuba da yawa. Ni ban san uwarsa ba, ban san addininsu ba, amma ina yawan tuna ta. Da na bar yaron ya ci gaba da danne wurin nan, wa ya sani?

Alhajin da yake yi wa aiki mutumin kirki ne, ya samo masa lauya, wata mata. Da Alhajin ya dawo gida ya aika aka kira mu, ni da Nomau muka hau kabu-kabu muka same shi a zaurensa a Tambuwal. Nan ya warware mana abin da lauyar ta ce. Wai dokar ƙasar ba ta tambayar inda aka haife ka. Duk wanda aka zaro wa makami, ɗan ƙasa ne ko baƙo, yana da haƙƙin ya kare ransa daidai gwargwado, kuma bugu ɗaya yaron ya yi, bai ƙara ba. Wai da ya zauna a wurin, ga ƙugiya, ga adda, ga saran hannunsa ɗanye likita ya gani, ga shaidu, da maganar ta zo da sauƙi ƙwarai. Amma yanzu ƙugiya ta ɓace, sara ya warke ba a nuna wa kowa ba, an kama shi yana ɓoye, masu ƙara suna cewa wanda ya kare kansa ba ya wannan gudun. Na ce wa Alhaji ko dai lauyar daɗin baki take yi, yaushe baƙo ya yi gaskiya a ƙasar wani? Ya ce shi ma haka ya ɗauka, sai da ta nuna masa wani ɗan ƙasar waje da aka sallama a kan irin wannan.

Sai ya kawo maganar da ta tsinka mini hanji. Akwai wata mata mai sayar da tumatir a kusa, ta yarda za ta ba da shaida. Ta ce ta ga wanda ya fara, ta ga yaron ya tuɓe riga ya durƙusa yana danne wa mutumin wuya, yana kiran a kawo mota, ba shi da alamar gudu. Sai ta ga ya yi waya, ya miƙe kamar wanda aka ja da igiya, ya tafi. Lauyar ta ce in kotu ta san wanda ya yi magana da shi da abin da ya ce masa, za a gane gudun ba daga zuciyarsa ya fito ba. Amma yaron ya ƙi faɗa, wayar ma ya jefar da ita tare da ƙugiya. Cewa yake shi ya yanke wa kansa. Nomau ya rantse ba shi ba ne. Kun san abin da na ce? Na gyara zama na ce yaran zamani ne, da abokan banza, ba su shawara da manya. Da bakina. Nomau har yana gyaɗa kai yana ba ni haƙuri.

Daga nan zargi ya faɗa kan wani abokinsa ɗan Sanyinna da suke aiki tare. Yau Nomau ba ya gaisawa da uban yaron nan in sun haɗu a kasuwa, kuma ina gani ina shiru.

Matata, uwar ɗan nawa, ita ce ke kashe ni. Ita ma kunyar ta hana ta tambaya kai tsaye, sai dai ta ce ko an ji labarin mutanen albasa. Ba ta kuka a gaban kowa. In ta shiga daka sai ka ji taɓarya tana sauka ba tsari, in ka leƙa ka ga gero ya riga ya yi gari tana ta bugu. Ta rame, zanenta sai ta riɓa ɗauri. Wata rana ta kawo mini fura, ta ajiye, ba ta tafi ba. Ta ce, “Malam, wanda yab ba ɗan Inna shawarar ga, ban yafe mai ba, har gaban Allah.” Na ce amin. Na ɗauki ludayi na sha. Wane irin mutum ne ke cewa amin a kan kansa ya kuma sha fura? Jaririyar da ya bari yanzu tana tafiya, in ta zo ta kama gwiwata sai in tashi in fita, matarsa tana ganin ƙinta nake yi.

Kuma ina da haushi, ba zan ɓoye ba. Ina masu ilimin da suka san wannan doka? Kullum rediyo na ta surutun siyasa da tallar magani, wa ya taɓa zama ya ce wa masu tafiya cin rani ga haƙƙinku in an zaro muku wuƙa, ga abin da za ku yi bayan nan? Motoci na kwasar 'ya'yanmu daga nan har teku, guzurinsu bargo da ƙuli-ƙuli da tsoro. Tsoron nan muka gada, shi muke ba su. Amma in na gama haushin kowa sai in dawo kaina, don yaron ya faɗa mini gaskiyar abin da ke gabansa, ya fi ni ganin daidai, ni na danne shi.

Makon jiya Alhaji ya sake dawowa, muka je wurinsa ni da Nomau. Bayan mun gaisa ya ce wa Nomau ya jira, ya raka ni har bakin hanya. Ya ce ya san ni ne na ba yaron shawarar. Ba yaron ya faɗa ba, fuskata ya gani tun ran nan. Ya ce ya gwada shi a gidan yari, ya ambace ni, sai yaron ya sunkuyar da kai ya ce ko zai tsufa a ciki ba zai sa sunan ubansa a bakin kotu ba, kuma a roƙe ni in zauna gida. Alhaji ya ce shi ba zai tona ni ba. Amma za a zauna shari'ar bayan babbar Sallah, kuma lauyar ta ce in mai maganar ya fito, ko dai a kai shi can, ko a nemi kotu ta ji shi ta waya mai hoto, ya rantse ya faɗi abin da ya ce. Ba ta yi alkawarin za a sake shi ba, ta ce dai zai taimaka. Na tambaya ko ni ma za a riƙe ni tunda ni na sa a ɓatar da ƙugiya, ya ce wannan bai sani ba.

Ba kurkukun nake tsoro sosai ba, Allah ya sani. Matar nan nake tsoro, da ta yi zaman shekaru da ni ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. In ta ji, da wane ido za ta dube ni, bayan amin ɗin da na ce? Da Nomau, da mutanen Sanyinna da na bari suna ɗauke da kayana. Sannan shi kansa yaron ya ce in yi shiru. Abu ɗaya da ya taɓa roƙona ke nan. In na yi magana na karya masa abin da yake riƙe da shi a can ciki, in na yi shiru na bar shi ya ruɓe don a ci gaba da gaishe ni a masallaci.

Masu sanin shari'a a cikinku, ku faɗa mini tsakani da Allah, maganata za ta fitar da shi ko za ta ƙara nutsar da mu biyu? Malamai, in fara da uwarsa ko in fara da kotu? Kuma duk mai ɗa a waje, kada ya ba shi irin karatuna, ya tambayi waɗanda suka sani tun kafin wayar ta zo.

Alhaji ya ce abin da za a fara tambayata shi ne in faɗi sunan wanda ake tuhuma da abin da yake gare ni. Jiya na tafi fadama, na duba babu kowa, na tsaya cikin albasa na gwada. Bakina ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Da ƙyar sunan ya fito, kamar ba ni na raɗa masa shi a kunne ba. Na ce ɗana ne. Sai na zauna a bakin kwali, hanyar ban ruwa, ruwa na wucewa ta ƙafata, na yi kukan da ban yi ba ranar da Inna ta rasu.

Shi ya tambaye ni sau ɗaya, na ba shi amsa ba tare da na tambayi kowa ba, ga inda ta kai shi. Ni ba zan sake amsawa da kaina ba. Sallah ta matso. Me zan yi?