Hawan Shanun da Aka Laƙaba wa Sunana

Zuwa ga Mushe Darakta, shugaban biro, wato ofishin da ya ba ni aikin zane a Parakou.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan sanyin ofis bai yi maka yawa ba. Ni ne Sahabi Ɗanlami, mai zanen gine-gine a Tourou. Na zo biro an ce kana taro, na kira ba ka ɗauka ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Bara ka sa na zana hawan da ake kora shanu su shiga tirela a wata kasuwar dabbobi ta Bariénou. Na ba ka zanen a PDF da SVG, na kuma gaya maka dalili: ko an ƙara girmansu ya kai bango, layi da lamba ba sa dushewa. Ka ce kai JPG ka sani.

Na biyu. Ko JPG ɗin ba ka jira ba. Fuskar kwamfuta ka ɗauka hoto da waya, ka liƙa a kundin aiki. Da ya ƙi cika shafi, sai ka ja shi sama kamar mai miƙar da ganda. Tsayi ya ƙaru, lambobi suka koma kashin ƙuda. Magini ya kasa karanta su, ya ɗora ma'auni a kan takarda, ya gina abin da ya gani. Ban ga laifinsa ba.

Na uku. Yanzu hawan nan akuya ma sai ta yi shawara. Ranar da aka fara lodi, bajimin Alhaji Mamman ya zame ya karye, a nan aka yanka shi. Alhaji surukina ne, shi ya yi ta yabona a gaban 'yan kasuwa. Yau in na gaishe shi, gefe yake kallo ya amsa, kuma abin yana ci mini rai.

Na huɗu, wanda ya fi ƙona ni. A duk hoton nan naka, abu ɗaya ne ya fito raɗau: sunana da ke ƙasan zanen. Daga kasuwar har Djougou, Tudun Sahabi ake kiran wurin. Tun lokacin ko makewayi ba a kawo mini in zana ba. Kai kuwa, da duk takardun karatun da ka jera a bango, kana nan kana sa hannu.

Buƙatuna biyu ne. A buga PDF ɗina yadda yake, a manna a kasuwar kusa da naka, mutane su gani. Sannan ka faɗa da bakinka wanda ya ja hoton. In kuma ka ce ginin daidai yake, to zo ranar kasuwa ka hau shi da takalman nan naka masu ƙyalli. Alhaji zai ara maka igiya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sauko da kai ƙafa biyu.

Wassalam,
Sahabi Ɗanlami, Tourou.