Ankon Bikin Ikram

Unguwar Zaitawa,
Cikin Birnin Kano.

Zuwa ga Yayata, Hajiya Sa'ida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Modu da yara baki ɗaya. Yaya Kumasi, yaya ruwan samanku da ba ya gajiya? Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan kowa lafiya, sai godiyar Allah. An yi wa Baba Ɗayyabu aikin ido kuma an dace, yanzu yana ganin kowa tar, abin da ya fara faɗa da aka kwance masa bandeji shi ne ashe duk mun tsufa haka ba a gaya masa ba. Ikram kuma ta tare lafiya, ita da angonta Nazeer suna gaishe ki.

Na san an turo miki hotunan bikin ta waya, na kuma ji kina ta tambayar dalilin da ya sa wasu mata suka yi shigar rabi da rabi, riga kore zani ruwan goro, kamar an haɗa mutum biyu an ɗinke a ƙugu. An ce duk wadda kika tambaya sai ta ce ki tambayi Zaituna. To ga Zaituna. Na zaɓi in rubuto miki ne saboda a waya dariya za ki yi ta yi ba za ki bar ni in kai ƙarshe ba.

Kin san na koma karatun ƙarshen mako, bayan shekarun da na kwashe ina fama da 'yan firamare. A zangon nan aka ba mu wani kwas na lissafi wanda duk ƙirge ne da rukuni-rukuni da kafa hujja. Za a ce a aji akwai masu jin Larabci kaza, masu jin Faransanci kaza, masu jin duka biyun kaza, to mutum nawa ne a ajin? Sai ka zana da'ira biyu da suka shiga juna, ka haɗa na nan da na can, sannan ka cire na tsakiya sau ɗaya, tunda an ƙirga su sau biyu. Yaya, ranar da abin nan ya zauna min a kai na zama abin tsoro a gidana. Na ƙirga wa maigidana Malam hanyoyin da zai iya haɗa hulunansa da rigunansa, na gaya masa zai yi wata biyu bai maimaita shiga ba, ya ce ya gode amma in fita daga harkar hulunansa.

Ana cikin haka aka sa ranar bikin Ikram. Ba sai na gaya miki yadda gidanmu na Ƙofar Wambai da gidan su Inna na Zaitawa suka cakuɗe da auratayya ba. Ikram 'yar marigayiya Bintu ce, 'yar'uwarmu, amarya daga Zaitawa. Nazeer jikan Baba Ɗayyabu ne, ango daga Wambai. Da aka zo maganar anko, sai gidajen biyu suka ce a ba Zaituna, tunda tana nan tana can kuma ta yi boko. Dangin amarya suka zaɓi atamfa kore, dangin ango suka zaɓi ruwan goro. Na ƙirga matan Zaitawa hamsin da biyu, na Wambai arba'in da ɗaya. Ina dubawa sai na ga mata goma sha takwas sun fito a nan sun fito a can, har da ni kaina. Wallahi sai da na ji wani daɗi ya ratsa ni, ga tambayar aji ta biyo ni har gida. Na zana da'irata biyu, na haɗa, na cire na tsakiya, na samu saba'in da biyar. Na je Kantin Kwari na ɗauko turmi saba'in da biyar cif, maimakon casa'in da uku, ina tafe ina jin kaina. Mu sha takwas na tsakiya na ware mana kore tara, ruwan goro tara, kowace ta zaɓi ɗaya.

Don girmamawa na ce Gwaggo 'Yardada za ta fara zaɓa. Na shimfiɗa mata atamfofin biyu a kan tabarma na ce ta ɗauki wadda ta kwanta mata. Ta tambaye ni ko ina nufin wadda za ta fara sawa ranar kamu. Na ce a'a, ɗaya ce tata. Da na ga ba ta gane ba, sai na jawo takarda na zana mata da'irorin, na ɗora yatsa a tsakiya na ce ga ta nan. Ta kalli wurin, sannan ta tambayi wanda ya cusa ta a wannan ɗan matsatsin lungu. Ta ce a Wambai aka yanke mata cibiya, ciki ɗaya suka fito da Ɗayyabu, a Zaitawa kuma ta yi aure ta tsufa, ta goyi amaryar nan a bayanta. In ta ɗauki kore ta ce wa duniya Ɗayyabu ba ƙaninta ba ne, in ta ɗauki ruwan goro ta ce yarinyar ba tata ba ce, to wanne nake so ta faɗa a gaban jama'a? Ta ce tun tana budurwa mai gida biyu anko biyu take yi, ɗaya ranar kamu ɗaya ranar yini, kuma ba a taɓa cire ta daga komai ba sai da na koma makaranta.

Abin haushin, Yaya, ai na san haka. Ni da ke anko biyu muka yi a bikin Mustafa, har muna rige-rigen shiga ɗaki mu canza. Amma sabon karatu ya rufe min ido ruf. Kafin in dawo gida labari ya riga ni, sauran matan tsakiya suka ce su ma ba mai taɓa atamfa ɗaya. Guruf ɗin biki na waya ya kama da wuta, har waɗanda ba su taɓa cewa uffan a ciki ba suka turo muryoyi masu tsawo. Na koma Kwari da gudu in ƙaro sha takwas, mai shagon ya ce zanen nan ya ƙare kaf, sai in an sake sauke kaya bayan Sallah. Na zaga layi-layi da ƙyalle a hannu har ƙafata ta kumbura, ban samu ko yadi ɗaya ba.

Sai na sake komawa ga lissafin, don mai hali ba ya fasa halinsa. Na ce kowace ta sami abokiyar musaya, a raba turamen, kowa ta sa kala biyun a jikinta lokaci guda. Ɗantani tela ya riƙe kai ya ce shi bai taɓa ɗinka rigima irin wannan ba, amma ya karɓa. Nan kuma aka tashi da gardamar wane gida ne zai hau sama, wane ne zai zauna a ƙasa. Na ce kada kowa ta damu, kaya uku ne, riga da zani da ɗankwali, kowanne kala biyu, hanya takwas ke nan, a cire kore zalla da ruwan goro zalla, saura shida, kowace ta zaɓi tata. Har an fara lafawa, sai Anti Nafisa ta ɗaga hannu kamar 'yar aji ta ce ita fa ta lura duk yadda aka juya, gida ɗaya zai sami kaya biyu, ɗayan ya tashi da ɗaya. Gaskiyarta. Abu uku ba sa shiga wuri biyu sai wani wurin ya ɗauki biyu. Wannan ma mun yi shi a makaranta, har na ci makinsa a gwaji, amma ban yi murnar haɗuwa da shi a tsakar gida ba. Da ƙyar aka rabu a kan wadda ta ba wani gida kaya biyu ranar kamu za ta rama wa ɗayan ranar yini, ta ari ɗankwalin abokiyarta.

Kowa ta haƙura ban da Gwaggo. Da aka kai mata bayanin rabi da rabi, ta ce ita ba buhun faci ba ce. Ta ɗaure kayanta, ta ɗauki butarta da carbinta, ta tafi Ƙofar Mata gidan ƙawarta Hajiya Zinariya, wadda ba ta haɗa jini da Zaitawa ko Wambai ba. Ta aiko a gaya min yanzu ta fita daga da'irorin nawa duka biyu, in ƙirga ta a can in na iya.

A nan dariya ta ƙare min. Kin fi kowa sanin tun Ikram tana jaririya Gwaggo ce uwarta, kuma ba wanda zai kama hannunta ya kai ta gaban iyayen miji ya danƙa amana sai ita. In ba ta zo ba, yarinyar nan za ta shiga gidan aure kamar wadda ba ta da kowa, a yi ta faɗa har jikokinta, kuma ni na jawo. Aka yi kamu babu Gwaggo. Ikram ta sha kwalliya, ana fesa mata turare ana guɗa, ita kuwa idonta na bakin ƙofa, ko lomar abinci ba ta kai baki ba. Baba Ɗayyabu da kansa ya je biko da sabon idonsa, ta dama masa fura, ta tambaye shi wace kala yake so ta sa, ya sha furarsa ya dawo shi kaɗai. Ni kuwa na yi ta sintiri, kowane zuwa da sabuwar dabara, ta saurare ni har in gama, sannan ta tambaye ni ya karatu.

Ranar kai amarya, bayan la'asar, motoci suka jeru a bakin lungu suna ta hon, don kin san ba sa iya shigowa. Mata sun cika gida, kore a nan, ruwan goro a can, mu 'yan rabi da rabi muna yawo a tsakani. Ikram ta zauna a bakin gadon Gwaggo a lulluɓe. Aka ce ta tashi, ta ce a hankali ita ba za ta tashi ba sai wadda ta goye ta ta tashe ta. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, ko motsi ba ta yi ba. Na fita na tari adaidaita sahu zuwa Ƙofar Mata, ba takarda, ba atamfa, ba wata dabara a kaina.

Ina shiga na tarar da Gwaggo zaune a tabarma, ta yi wanka, ta sa kwalli, ta sha turare, tana cikin tsohon farin leshinta, takalmi ma yana ƙafarta, ga wani ƙunshi a cinyarta. Hajiya Zinariya ta raɗa min cewa tun hantsi take zaune haka, ta ƙi ko kishingiɗa kada ɗaurinta ya lalace. Na durƙusa na ce Ikram ta ƙi tashi. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ta miƙe tun kafin in rufe baki, tana faɗan wai duk lissafin nawa ban iya lissafa cewa rana na faɗuwa ba.

Da muka shiga ɗakin, kowa sai leƙen wace kala ta sa. Ba ta kalli kowa ba. Ta kwance ƙunshin, sai ga baƙin zanen rinin nan na Bintu, duk ya koɗe, wanda aka naɗo Ikram a ciki aka kawo mata bayan rasuwar. Ta ce ita yau ba dangin ango ba ce, ba dangin amarya ba ce, Bintu ce ta aiko ta. Ta yafa wa Ikram zanen a kafaɗa, ta kama hannunta, yarinyar ta miƙe. A Wambai, gaban iyayen Nazeer, ba ta yi dogon jawabi ba. Ta ce a cikin zanen nan aka kawo mata amana, ga shi a cikinsa ta kawo musu, su riƙe yadda ta riƙe. Yaya, ba wadda ba ta yi kuka ba. Ni na yi ta waige ina neman fuskarki a cikin taron, don ni da ke ne muka naɗe jaririyar nan a zanen a ranar, kuma ban taɓa jin nisan Kumasi kamar lokacin ba.

Ki gaishe min da Alhaji Modu da kyau, da Ari da Mikail, Allah ya yi musu albarka ya ba su ilimi mai amfani, wanda ya fi nawa sanin inda ake ajiye shi. Inna tana gaishe ki, Baba Ɗayyabu ya ce ki zo ya gan ki da idonsa, Malam ma yana miƙa gaisuwa. Gwaggo ta dawo ɗakinta, tana gaishe ki, ta ce ta yafe min duniya da lahira, amma turamenta biyu cikakku suna nan tana jira. Ga ƙyallayen nan na saka miki a cikin ambulan, kore da ruwan goro. Don Allah ki zaga min kasuwar Kumasi ko za a dace da irinsu, kuma in kin samu kada ki cire komai.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki ƙanwa,
Zaituna.