Kwalaben Malam Bitrus Da Na Ɗauka Malt Ne

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi, manya da yara, na gaishe ku da kyau. 'Yata mai shafi, ki rubuta yadda na faɗa miki a waya, kada ki gyara min magana, amma ki ɓoye sunana, sauran sunayen ma duk na sauya su. Ku kuma masu karantawa, don Allah ku ji ƙarshe kafin ku yanke min hukunci. Na haura shekara saba'in, ban taɓa kai ƙarar kaina gaban kowa ba sai yau.

Ni ban shiga aji ba. Amma a unguwarmu a Kano ni ake tasowa in mace ta haihu, ni na san abin da ake jiƙa wa mai jego, na san abin da ke dawo da jini. Da na zo Manchester wajen ɗana na fari, wanda nake ce wa Dakta, ban yarda baƙo ya gane ba na karatu ba. In an miƙo min takarda sai in ce na bar tabarau a sama. Shekara shida ke nan ina barin tabarau a sama.

Muna da maƙwabci a Longsight, Malam Bitrus, mutumin Jos, Kirista, Hausa a bakinsa tas. Direban bas ne har ciwon baya ya sauke shi. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aiki a wani gari, sai aka ce ɗakunan gidansa sun yi masa yawa, aka rage masa tallafin haya, dole ya koma wani ɗan flat a Moss Side, can sama, ba ɗakin ƙasa. Ranar da zai tashi na gan shi shi da Dakta suna sauka da akwati biyu cikin ɗakin ƙasan gidanmu, wanda suke ce wa sela. Na tsaya a bakin matakala na ce, "Malam Bitrus, me ake shigar mana da shi haka ana nishi?" Ya sosa ƙeya, ya kalli Dakta, ya ce, "Ɗan abin sha ne na malt, Hajiya. Sanyi da duhu yake so." Malt! Jama'a, wace ce a cikinku ba ta san malt ba? Wace ce ba a haɗa mata shi da madara ba bayan haihuwa?

Da sanyin bara ya shigo gwiwoyina suka riƙe, likitarmu ta unguwa, wadda suke ce wa GP, ta ce jinina ya yi ƙasa, ta ba ni wasu ƙwayoyi masu ɗaure ciki. Rannan da hantsi, gida ba kowa, na tuna akwatunan nan. Na sauka ina dafa bango. Kwalabe ne baƙaƙe a tsaye, an toshe bakinsu da jan kaki, ƙura ta rufe su. Na ce kai, bawan Allah ya manta da kayansa, malt kuwa ba ya jiran mutum, gara a sha kafin ya lalace. Ban tambaye shi ba, wannan shi ne laifina na farko, na amsa. Na tsiyaya, abu baƙi ƙirin, mai kauri, ba kumfa sosai, ƙamshi kamar dabino da gahawa, da ɗan ɗaci a ƙarshe. Na ce na Turawa ne, dole ya bambanta da namu. Na zuba madarar gwangwani, da zuma, da citta, da kanumfari, na sha rabin kofi. Wani ɗumi ya sauko min har tafin ƙafa, na ji kaina sakayau, na ce alhamdu lillahi, jini ne yake komawa mazauninsa.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Ina da aminiya a Birmingham, a Sparkhill, Hajiya Talatu. Tun da hukumar garin, council, ta rufe wurin da tsofaffi ke haɗuwa da rana, ta zauna a ɗaki ita kaɗai, ta daina cin abinci, ta rame kamar a hure ta. Mace ce da ko turare ba ta shafawa sai an karanta mata abin da ke ciki. Muka je suna can, na ɗura mata haɗin nan a fulas. Bayan kwana uku ta kira ni tana dariya, "Yaya, me kika sa a ciki? Jiya tuwo malmala biyu na tashi da shi!" Me ya hana in ce malt ne na maƙwabci? Girman kai. Na ce, "Ke dai sha. Haɗin kakata ne, ba a faɗa." Ta baza ni a wajen matan karatunsu, har ana ce min Hajiya mai ƙarin jini. Ni kuwa ina jin daɗi, don tun da na zo ƙasar nan ba wanda ya nemi sanina sai lokacin. Duk wata sai ta hau mota ta zo da fulas ɗinta, in cika mata, ta yi ta sa min albarka har bakin titi.

Sati uku da suka wuce Malam Bitrus ya zo gaishe ni, fuskarsa fal murna. 'Yarsa za ta yi aure. Ya ce, "Hajiya, zan zo in kwashe ajiyata, lokacinta ya yi." Na dake na ce, "Haba Malam Bitrus, malt ɗin da ya shekara biyu a ƙasa? Ai ya mutu, a sayo maka sabo." Ya yi dariya har da dafa baya. Ya ce, "Biyu? Takwas, Hajiya. Shida a gidana, biyu a naku. Mai sauƙi ce take mutuwa a 'yan watanni. Wannan baƙar mai ƙarfi ce, in ta samu duhu da sanyi, kwalba a tsaye, ba a girgiza ta, ɗacinta kwanciya yake yi, ta yi zaƙi kamar dabino. Wata takan kai goma, amma in an wuce da ita sai ta fara komawa baya. Ni da marigayiya muka saye ta shekarar da yarinyar ta gama makaranta, ita ta ce kada a buɗe sai ranar auren." Na ce, "Ƙarfi kamar yaya?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ki gafarce ni, giya ce. Nauyin faɗa miki na ji a ranar. Ai da malt ake yin ta, ban yi ƙarya ba."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san yadda na raka shi ƙofa ba. Ni? Ni da na je Makka sau biyu? Salloli nawa na yi da abin nan a cikina? Na wanke bakina har dasashi ya yi jini. Da Dakta ya dawo na zuba masa ido yana cin abinci, na gane ya sani tun ranar farko, ya tausaya wa maƙwabci ya ɓoye min. Ya ce, "Umma lafiya kike kallona?" Na ce lafiya lau. In na tuhume shi, tambayar da zai fara yi ita ce ta yaya na sani, kuma me ya kai ni sela.

Ga abin da ya sa na kira ki, 'yata. Wancan duk rashin sani ne, malamai ma za su ce haka. Amma bayan kwana huɗu Hajiya Talatu ta iso da fulas ɗinta. Na ce ya ƙare. Ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, kada ki yi min haka, in babu shi ko shayi ba ya wuce min." Na dubi wuyanta da ya fara cikowa. Na buɗe baki in faɗa, na hango matan Sparkhill suna cewa ashe giya tsohuwar nan take ɗura mana, ashe ko rubutun kwalba ba ta iya karantawa. Sai na sauka sela da ƙafafuna, da sanina, na fasa jan kakin, na haɗa mata. Ta ce Allah ya ba ni Aljanna, na ce amin. Wallahi na ce amin. Kuma tunda gaskiya na zo faɗa, ni ban ƙara kurɓa ba, amma gwiwar nan in ta motsa, ƙofar sela nake kallo.

Na aika a duba min kantuna a kan wai wata ce take tambaya. Aka ce akwai mai kama da ita, amma sabuwa. Wadda ta yi shekara takwas a duhu, wadda matarsa ta taɓa da hannunta, ba a sayar da ita ko'ina. Kwalba huɗu suka rage a akwati biyu, sauran na mayar da su wofi, na jera, na rufe.

Ranar Asabar da safe Malam Bitrus zai zo da mota ya ɗauki kayansa, Dakta yana gida ranar, shi zai taya shi ɗauka, kuma da sun ɗaga za su ji ba nauyi. Ita ma Hajiya Talatu ta kira jiya, ta ce Asabar ɗin tana tafe, har da fulas na biyu na wata ƙawarta mai jego. In na faɗa mata, na jefa ta cikin baƙin cikin da zai iya mayar da ita kwance, sunana kuma ya ƙare daga nan har Kano. In na yi shiru, ban san da wace fuska zan tsaya gaban Ubangijina ba. Shi kuma bawan Allahn nan, wasiyyar matarsa na shanye da madara.

Yau Laraba. Ni da ake zuwa wajena neman shawara, ga ni a ƙofarku. Don girman Allah, 'ya'yana, wa zan fara tara, kuma da wane baki? Me zan yi?