Ashe Ba Ni Take Toshe Wa Hanci Ba

Auta, ciki ne! Matar ɗanki, surukata, ciki gare ta, wata biyar!

Kin ga ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum. Ya yara, ya ƙafar maigidanki?

Ji yadda na sani. Jiya a ajinmu na yamma malama ta kawo takardar asibiti mu gwada karatu, layi ya zo kaina. Ina ta haɗa baƙi: yawan barci, kasala, amai, ƙin warin abin da aka saba da shi. Nan na tsaya cak. Ta ce, "Baba Mai Kifi, ci gaba mana." Na ce idona ne. Ana tashi na wuce garejin ɗanki na tambaye shi. Yana ƙarƙashin mota ya ce, "Haka ne, Baba." Bai ko fito ba.

Sauran ke kaɗai zan iya faɗa wa. Wata uku da suka wuce, kullum na dawo daga kasuwa sai ta toshe hanci ta shige ɗaki. Rana tsaka tana barci. Ranar da na miƙa mata kifi ta yi amai, na ce, a gaban maƙwabta, shekara shida ba ta ajiye mana ɗa ba, sai ƙyamar warin da ya raini mijinta. Bayan kwana biyu suka tashi suka kama haya.

Ya zan yi ta dawo?

Yayanki.

*

Yaya, wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafar ma da sauƙi.

Sai yanzu? Ni tun yana wata biyu na sani. Har nan ta zo tana tambayata: "Gwaggo, me ya sa bakina ɗaci? Jirin nan lafiya kuwa?" Uwarta ta rasu, matarka ta rasu, wa za ta tambaya a gidanka? Kai?

Marigayiya ma haka ta yi da cikin ɗanka. Ni na riƙa riƙe mata roba, kai kana kasuwa kana wa kifi kirari.

Ga abin da ba ka sani ba. Sau biyu tana ɓari a ɗakin da ke jikin naka. Ita ta hana a faɗa maka, wai kada ka sa rai ka sha baƙin ciki. Shi ya sa ta ɓoye wannan har ya zauna.

Kada ka aika kowa, kada ka aika kaya. Rubuta mata da hannunka, tunda yanzu ka zama malam.

Ka huta lafiya.
Auta.

*

'Yata, sallama da fatan kina lafiya.

Sau huɗu ina yaga takarda kafin wannan. Na zalunce ki. Kina ɗauke da abin da na fi so a duniya, ni kuma ina yi miki gori a kansa. Na ji labarin biyun da suka wuce, ban taya ki kuka ba don ban sani ba, amma da ina dubawa da na gani.

A gaban mutane na faɗa, don haka na bi su gida gida na janye. Matar mai wanki ta ce tun daga tafiyarki ta gane, ni kaɗai ne makaho a layin.

Takardar asibitin da muka karanta a aji ta ce ƙafa na kumbura. Taki fa? Ɗakinku na nan, na sa an gyara tagar.

Ki yafe mini.
Baba.

*

Baba, ina gaishe ka da girmamawa.

Na karanta, na sake karantawa. Ƙafar ta kumbura kaɗan, a asibiti sun duba sun ce in riƙa ɗaga ta. Yana motsi sosai.

Na yafe, har zuciyata. Amma maganar dawowa, ka bar ni. Na gwada zuwa ranar Talata, na iso bakin layi, na hango inda na durƙusa ranar, sai ƙafata ta ƙi.

Allah ya ƙara girma.
'Yarka.

*

Auta, an sauka! Mace, jiya da hantsi, uwa da 'ya lafiya!

Na je. Ita da kanta ta ɗora mini ita a hannu. Goshin marigayiya ne sak, kunnuwan kuma, Allah ya ba ta haƙuri, nawa ne.

Ba za su dawo ba, ɗanki ya faɗa mini a matakala. Ban ja ba. Zan riƙa hawa benen nasu, gwiwa ta yi ta ƙorafinta.

Ki zo ranar suna, ki taho da maigidanki da yara duka. Na gayyaci malama da 'yan ajinmu, har matar mai wanki. Kada ku nufi gidana, ba kowa can. Gidan nasu bayan tashar mota ne, bene mai shuɗiyar ƙofa, hawa na biyu. Ɗakin ƙarami ne, sai dai a shiga biyu biyu. Ku zo ku gani!

Yayanki.