A Mayar Da Tsofaffin Maza Layin Gero

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Rabon Tallafi na unguwar Abena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya muka ji da ƙarar bindigogin nan? Allah Ya kawo ƙarshensu. Ni ne Sale Maihula, shekara saba'in da ɗoriya. Kuka na kawo, amma ba na yunwa ba.

Na ɗaya. Bara da muka tsallaka kogi zuwa Kusri gudun yaƙi, kowa layi yake bi ya karɓi hatsinsa, mace da namiji. A layin nan na samu abokai, Malam Bukar da Idi Dogo, kullum muna musun wanda ya fi wani gudu ranar da aka fara harbi. Wallahi na sha dariya a gudun hijira.

Na biyu. Wata huɗu ke nan da dawowarmu, kuka ce don girmamawa a riƙa kai wa tsofaffin maza koro biyu, wato kwanon awo biyu, na gero har gida a amalanke duk Talata, mata kuwa su je farfajiyar makaranta su karɓa. Ranka ya daɗe, girman nan ya yi mana nauyi. Mata dama ba su rasa taro, ga suna, ga biki, ga Talatarku. Maƙwabciyata Iya Hawwa takan fita da hantsi, sai la'asar ta dawo da gero da labarin gari kaf. Mu rumfar kasuwa ce majalisarmu, ta ƙone. Masallaci kuwa ana sallamewa kowa ya kama gabansa saboda harbi. Matata ta rasu, 'ya'ya suna Maiduguri. Da akuya nake hira, ita ma ta fara gajiya da ni.

Na uku. Talatar da Iya Hawwa ba ta je ba saboda rashin lafiya, kafin azahar mata shida sun cika ɗakinta da kunu. Malam Bukar kuwa kwana biyar yana fama da zazzaɓi, mai amalanke ya ajiye gero a zaure ya wuce, babu wanda ya sani sai da Allah Ya kai ni. Ya tashi, alhamdulillahi, amma na tsorata, don gobe ni ne.

Roƙona ɗaya, a mayar da mu layi. Kakana da ƙafa ya tako daga Katsina za shi Makka har ya yada zango a nan, jikansa ba zai kasa zuwa makaranta ba. Wanda ƙafarsa ta gaza, a ɗora shi a amalanken, a bar geron a can.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsufar da kai cikin mutane.

Wassalam.
Sale Maihula, Abena.