Kuɗin Ruwan da Banki Ya Maido

Alhamis da dare, Afrilu, har yanzu muna kulle

Bayana ciwo yake. Tun la'asar nake gaban kwamfuta ina cike takardar harajin gidan da muka ba da haya a unguwar Bukit Jalil.

Bara banki ya maido mana wasu kuɗi, wai sun caje mu ruwan bashin gidan fiye da ƙima. Mijina, Baban Godiya, ko saƙon bai gama karantawa ba. Ranar Lahadin makon ya ba da shaida a sujadar Zoom, cewa Ubangiji ya tuna da mu cikin annoba. Ya fitar da zakka, sauran ya saya wa ɗaliban cocinmu shinkafa. Ni aka bari da lissafi.

Yau na kira akantarmu na tambaye ta ko za mu iya ƙin saka kuɗin a takardar, ta ce da yarensu, "Tak boleh lah, ba zai yiwu ba, Madam. Kun riga kun cire ruwan daga harajinku, dole ku bayyana abin da ya dawo."

Da na gaya wa Baban Godiya, sai ya ce, "Maman Godiya, albarkar ma sai an biya mata haraji?"

Kuɗinmu ne tun farko, amma ɗaliban sun ci sun ƙoshi. Na rubuta adadin na tura. Shaidar kuwa, na bar masa abarsa.